Hoto Ba Ya Kulluwa, Amma Yana da Mai Shi

Lacca ga masu ɗaukar hoto, ɗalibai da 'yan kasuwar intanet, Titin Bauchi, Jos

 

Waɗanda suka gayyace ni tambaya ɗaya suka ɗora mini: yaya mutum zai hana a kwashe hotunan da ya sa a shafinsa na intanet? Zan ba da amsar tun yanzu, don kada wani ya zauna yana jiran maganin da babu shi. Ba a iya hanawa. Duk wanda ya karɓi kuɗinka da alkawarin zai kulle maka hoto yadda kowa zai gani amma babu mai iya ɗauka, kuɗinka kawai ya ci. Na ga wasu sun fara ɓata fuska. Ku ba ni aron hankalinku, domin akwai abin da ake iya karewa, kuma ya fi abin da kuka zo nema daraja: sunanka a jikin hoton, asalin hoton a hannunka, da hujjar da za ka tsaya da ita ranar da aka yi maka ɓarna.

Wannan titi da muke kansa ya dace da wannan magana. Ga harabar Jami'ar Jos, ga tashar mota, ga shagunan buga takardu da fosta da bana a jere. Kusan duk wanda ke cin abinci a nan yana taɓa hoto kullum. Wani ya ɗauka, wani ya gyara, wani ya buga, wani ya yi tallan atamfa ko takalmi ko turaren wuta da shi. Garin kansa garin kyamara ne. A nan hedikwatar Hukumar Finafinai ta Najeriya take, a nan Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa take, ga kuma Kwalejin Talabijin ta NTA a Rayfield. Duk wanda ya taɓa hawa duwatsun Shere da asuba don ya kama fitowar rana, ko ya tsaya a Riyom yana jiran gajimare ya daidaita a bayan dutsen nan, ya san abin da hoto ɗaya yake ci na kuɗin mota da lokaci da haƙuri. Ya kuma san zafin da ake ji idan bayan wata biyu ka ga hoton a kalandar wani, ko a tallan wani otal, babu sunanka, babu ko na gode.

Bari mu fara da dalilin da ya sa ba a iya kullewa. Idan mutum ya buɗe shafinka a wayarsa, ba leƙen hoton yake yi daga nesa ba. Burauzarsa, ko Chrome ce ko Opera Mini ko wata, takan aika wa kwamfutar da ke ɗauke da shafin saƙo cewa a turo mata hoton. A turo. Hoton ya sauka cikin wayarsa, ya zauna a ma'ajiyar wucin gadi, sannan a nuna masa a fuskar waya. Shi ya sa datarsa take raguwa. Wato kafin idonsa ya ga hoton, kwafi ya riga ya shiga hannunsa. Haka aka gina intanet tun farko, kuma babu wata dabara da za ta sa mutum ya ga abin da bai iso wayarsa ba.

To ina dabarun da masu gina shafi suke sayar muku? Wadda ta fi yawa ita ce hana danna maɓallin dama na linzamin kwamfuta, ko hana dogon danni a waya. 'Yan layukan JavaScript ne. Wanda ya kashe JavaScript a burauzarsa ya wuce wurin. Wanda ya danna F12 a kwamfuta zai ga jerin duk hotunan da shafin ya turo, kowanne da adireshinsa. Akwai masu shimfiɗa wani hoto marar launi a kan na gaskiya, don idan ka sauke ka tarar da wofi. Akwai masu yanyanka hoto gida-gida. Duk waɗannan, yaron da ya yi wata uku a shagon gyaran waya ya fi ƙarfinsu, kuma ko bai san komai ba ya san sikirinshot. Za ku ce ai Netflix idan ka yi sikirinshot baƙi yake fitowa, WhatsApp ma ya hana a kan hoton da aka turo don kallo sau ɗaya. Gaskiya ne. Sai mutum ya ari wayar abokinsa ya ɗauki fuskar tasa wayar. Magana ta ƙare.

Ban ce waɗannan dabaru ba su da amfani ko kaɗan ba. Suna tsayar da mai kasala, suna kuma sanar da mai kunya cewa mai wurin nan ba ya so. Amma suna da tsada da ba a gaya muku. Shafin da ya hana dogon danni ya hana mai sayayya ya tura wa yayarsa hoton leshin ta zaɓa masa. Ka kori ɓarawon da bai koru ba, ka kori mai saye.

Kada ku ɗauka mu kaɗai abin ya gagara. Kamfanin Getty Images yana cikin manyan dillalan hoto na duniya, yana da lauyoyi da injiniyoyi da kuɗin da babu mai irinsa a ɗakin nan. A watan Maris na 2014 ya buɗe hotuna kimanin miliyan 35 ya ce masu shafukan da ba na kasuwanci ba su ɗora su kyauta, da sharaɗin za su fito cikin wani tsari da ke nuna sunan mai hoton da hanyar komawa wurin kamfanin. Dalilin da suka bayar a fili yake: ana kwashewa ko sun so ko sun ƙi, gara a kwasa da suna a kai. A 2018 kuma, bayan ƙorafin Getty, Google ya cire maɓallin da ke buɗe hoto kai tsaye daga sakamakon bincike. Ya rage saurin ɗauka. Bai hana ba.

Yanzu mu zo kan abin da yake aiki. Na farko, kuma wanda na fi ba wa muhimmanci: kada ka taɓa ɗora asalin hotonka. Mai kilishi yakan yago maka ɗan ɗanɗano, ba ya miƙa maka faifan gaba ɗaya ya ce in ya yi maka ka biya. Kyamara mai megafiksel 24 tana fitar da hoto mai ɗigo 6000 a tsawo, 4000 a faɗi. Shafin intanet ba ya bukatar wannan. Ɗigo 1000 zuwa 1200 a ɓangaren da ya fi tsawo ya isa ya cika fuskar waya tsaf, kuma shafinka zai fi saurin buɗewa, abin da duk mai fama da netwok zai gode maka a kai. Buga hoto mai kyau a mujalla ko kalanda yana son ɗigo 300 a kowane inci. Ka raba 1200 da 300, inci huɗu ke nan. Wanda ya kwashi ƙaramin ya samu abin da zai kai girman katin gayyata, daga nan sai ya fara dishi-dishi. Sai dai ga masu buga bana nan a zaune, za su gaya muku cewa abin da ake kallo daga tsallaken titi ba ya bukatar wannan kaifin, kuma yanzu akwai manhajojin da ke ƙara wa ƙaramin hoto girma. Saboda haka wannan ma ragi ne. Amfaninsa na gaske yana wani wurin: babban hoton yana hannunka kai kaɗai, kuma zan dawo kan wannan.

Na biyu, tambari a jikin hoto. A nan mutanenmu sun kasu biyu, kowanne da nasa kuskure. Wani zai rubuta sunan situdiyonsa da lambar waya ƙato a kan fuskar amarya, har ka rasa amarya ake tallatawa ko shi. Wani kuma zai maƙala ɗan ƙarami a can kusurwa, inda yatsa biyu suka isa su yanke shi. Tambari ya kamata ya hau kan wani sashe da idan aka yanke shi hoton ya lalace, amma ya zama mai shara-shara yadda ba zai kashe kyawun ba. Ga mai sayar da kaya akwai abin da ya fi wannan: ki sa katin shagonki ko ledarki mai suna a cikin hoton tun wajen ɗauka, a jingine da kayan, inuwarsa tana kan yadin. Goge wannan ya fi goge rubutu wahala nesa ba kusa ba. Ku kuma riƙa sauya siffar tambarin. A 2017 masu bincike na Google sun nuna cewa idan tambari iri ɗaya ne a kan hotuna masu yawa, kwamfuta tana iya gano siffarsa ta goge shi daga dukkansu ba tare da hannun mutum ba. Maganin da suka bayar shi ne a riƙa ɗan murɗa siffarsa daga hoto zuwa hoto.

Na uku, rubutun da ke ɓoye cikin fayil ɗin hoto. Kowane hoto yana ɗauke da bayanan da ido ba ya gani. Akwai waɗanda kyamara ke rubutawa da kanta, ana ce musu EXIF: irin kyamarar, rana da lokaci, wani lokaci har da wurin da aka tsaya. Akwai waɗanda kai za ka cike, ana ce musu IPTC: sunanka, bayanin haƙƙin mallaka, yadda za a same ka, da abin da hoton yake nunawa. Yawancin kyamarorin Canon da Nikon da Sony suna da wurin da za ka rubuta sunanka sau ɗaya, ya riƙa shiga kowane hoto. Na tabbata rabin masu kyamara a ɗakin nan ba su taɓa buɗe wurin ba. Tun 2018 Google yake nuna waɗannan bayanai a binciken hotuna idan ya same su. Abin lura biyu ne. WhatsApp yana matse hoto ya share bayanan idan ka tura shi a matsayin hoto. Idan kana so su tsira, ka tura shi a matsayin fayil. Sannan mata masu sana'a a cikin gida su kashe alamar wuri a kyamarar wayarsu kafin su ɗora hoto a shafi, kada tallan humra ya zama taswirar ƙofar gida.

Akwai wata sata da masu shafi kaɗai take ci wa tuwo a ƙwarya. Mutum ba zai ma sauke hotonka ba, sai ya ɗauki adireshinsa ya dasa a nasa shafin. Duk wanda ya ziyarce shi, daga wurinka ake janyo hoton, kai kake biyan kuɗin ɗaukar nauyi. Wannan kam tana da magani na gaske, domin burauza takan faɗi shafin da ya aiko ta. Mai gina maka shafi zai iya rubuta layuka kaɗan a fayil ɗin .htaccess, ko ya kunna kariyar a Cloudflare, shi ke nan. In ya ce sai ka biya kuɗi mai yawa a kan wannan, nemi wani.

Sai bibiya. TinEye yana nan tun 2008, Google ya fara binciken hoto da hoto a 2011, yanzu ga Google Lens a kusan kowace waya. Ka zaɓi hotunanka da suka fi tsada a wurinka, ka riƙa neman su lokaci-lokaci. Ba za su nuna maka abin da ke yawo a rukunonin WhatsApp ba, amma za su nuna maka jarida da otal da kamfani, su ne kuma masu abin biya.

Idan ka kama, sai me? A nan doka take shigowa, kuma dokarmu ta sauya ba tare da yawancinmu sun sani ba. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin tsohuwar da asalinta dokar soja ce ta 1988, lokacin da babu wanda ya san intanet a ƙasar nan. Ga abin da ya shafe ku. Hoto naka ne daga lokacin da ka ɗauke shi. Ba sai ka yi rajista ba, ba sai ka rubuta komai a jikinsa ba. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya tana da rajista ga mai so, tana kuma ƙarfafa hujja, amma ba ita ke haifar da haƙƙin ba. Kariyar hoto shekara 50 ce daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da shi ga jama'a. Dokar ta haramta karya kariyar fasaha da mai aiki ya sa, ta kuma haramta goge ko sauya bayanan da ke nuna mai shi. Ku lura da wannan na ƙarshe. Wanda ya goge sunanka ya ƙara laifi a kan laifi, kuma ya rufe wa kansa ƙofar cewa bai san hoton yana da mai shi ba. Tambarin da bai hana sata ba ya zama shaida.

Dokar ta kuma kawo tsarin sanarwa da saukewa. Mai haƙƙi zai rubuta wa kamfanin da ke ɗauke da shafin, ya nuna aikinsa, ya nuna inda aka ɗora shi, kamfanin kuma ya sanar da wanda ya ɗora ya sauke ba tare da jan ƙafa ba. Wanda ya maimaita ana iya dakatar da asusunsa. Amurka tana da irin wannan tsari tun 1998, shi ya sa Facebook da Instagram da YouTube da Google duk suke da fom na ƙorafin haƙƙin mallaka, kyauta, ana cike shi a waya. Kuma da yake Najeriya ta shiga Yarjejeniyar Berne a 1993, hotonka yana da kariya a yawancin ƙasashen duniya.

Wani abu da ke yawan haɗa masu hoto da iyalan amare faɗa shi ma dokar ta taɓo shi. Idan aka ɗauke ka aikin biki ko suna, wanda ya ɗauke ka yana da damar amfani da hotunan a harkarsa da ba ta kasuwanci ba, kuma yana da ikon hana ka baza su ga jama'a, sai dai in kun yi wata yarjejeniya daban. Don haka mai hoton da ke kukan an sace masa hoton amarya a Instagram, a fara tambayarsa: amaryar ta yarda ka ɗora? Ku riƙa rubutawa. Layi uku a takarda, ko ma saƙon waya da aka amsa, ya fi rantsuwa goma bayan an ɓata.

Shawarata ita ce a bi abin daki-daki. Ka fara adana hujja: sikirinshot mai nuna adireshi da rana, kafin ka yi magana, domin da ka yi magana za a goge. Sannan ka tura saƙo cikin mutunci, ka ba shi zaɓi: ya sauke, ko ya sa suna, ko ya biya. Da yawa daga cikin masu ɗauka ba mugaye ba ne, sun ɗauka duk abin da Google ya nuna musu na kowa ne. In ya ƙi, sai fom. Lauya na mai kuɗi ne da ya ci riba da guminka. A wannan mataki ne asalin hoton nan yake aiki. Wanda ke riƙe da fayil ɗin RAW, da hotunan da aka ɗauka daƙiƙa kaɗan kafin wannan da bayansa, da gefen da aka yanke wanda bai taɓa hawa intanet ba, babu mai ja da shi. Ku daina goge memori da zarar an gama aiki. Ku ajiye a wuri biyu.

Kada wani ya ce ƙaramin mai hoto ba ya cin nasara a kan manya. Ranar 12 ga Janairun 2010 girgizar ƙasa ta rusa Port-au-Prince, babban birnin Haiti. Wani mai hoto ɗan ƙasar, Daniel Morel, ya fita ya ɗauki hotuna, ya ɗora su ta Twitter a ranar. Wani ya kwafa ya ce nasa ne. Kamfanin dillancin labarai na Faransa, AFP, ya ɗauka daga can ya rarraba, Getty ya sayar wa jaridu. Da Morel ya yi magana, AFP ne ma ya fara kai shi kotu, wai ɗorawa a Twitter izini ne ga kowa. Kotu a New York ta ce ba haka ba ne, kuma a Nuwamban 2013 aka yanke a biya shi dala miliyan 1.2 a kan hotuna takwas. Ya yi kusan shekara huɗu yana shari'a, ban ɓoye muku wannan ba. Amma hukuncin ya tsaya: ɗora hoto inda kowa zai gani ba kyautar da shi ba ne.

Zuwa yanzu maganar kuɗi muke yi. Da a wani gari nake, da na tsaya nan. Amma a Jos nake, kuma mutanen Jos sun san cewa hoton da aka raba da mai shi yana iya cin abin da ya fi kuɗi.

Bayan sace 'yan matan Chibok a Afrilun 2014, hoton wata yarinya mai kallon kyamara ya zagaye duniya tare da kiran a dawo da su. Fitattun mutane sun yaɗa shi, har da mawaƙin Amurka Chris Brown. Yarinyar ba 'yar Chibok ba ce, ba ma 'yar Najeriya ba ce. Wata mai hoto Ba'amurkiya, Ami Vitale, ta ɗauke ta a Gini Bisau shekaru kafin nan, a wani aiki da ba shi da alaƙa da sace mutane. An ciro hoton daga intanet ba izini, an ƙara masa hawaye da kwamfuta. Niyyar mai yin haka mai kyau ce, ban musa ba. Amma an ɗauki fuskar 'yar wasu an liƙa mata labarin da ba nata ba, iyayenta ba su sani ba.

Wancan bai kashe kowa ba. Ga wanda ya fi kusa da mu. A watan Yulin 2010 wata tankar mai ta faɗi ta kama da wuta a garin Sange da ke gabashin Kwango, mutum fiye da 200 suka ƙone. Hoton gawarwakin da aka jera ya yi shekaru yana yawo da rubutun cewa kisan addini ne a Najeriya. Sannan a watan Yunin 2018, lokacin kashe-kashen yankin Gashish a Barikin Ladi, hotuna masu tayar da hankali suka cika Facebook. An kashe mutane da gaske a can, babu mai musun wannan, kuma Allah Ya ji ƙan duk wanda ya rasa ransa. Amma binciken da BBC ta fitar a Nuwamban shekarar ya gano cewa wasu daga cikin hotunan da suka fi tunzura jama'a ba na wurin ba ne. Hoton wani jariri ya riga ya fito watanni kafin rikicin. Wani bidiyo kuma a Kwango Barazabil aka ɗauke shi tun 2012. Washegarin ranar da hotunan suka fara yawo aka tare hanya, aka fito da matafiya daga motoci aka kashe, kuma 'yan sandan Filato da kansu sun ce abin da aka yaɗa ya ƙara wa wutar mai. Ba na bukatar in faɗi ko su wane ne suka mutu a wane ɓangare. Duk wanda ke zaune a nan ya yi jana'iza a wani daga cikin rikice-rikicen garin nan.

Me ya haɗa wannan da mai hoton biki da aka sace wa aiki? Aikin ɗaya ne. An ɗauki hoto daga inda yake, an cire sunan mai shi, an cire rana, an cire wuri, an sa wani rubutu. Wanda ya yanke tambarinka don ya yi tallan shagonsa, da ɗan damfarar da ya kwashi hotunan atamfarki ya buɗe shafin bogi yana karɓar kuɗin mutane, da wanda ya mayar da Kwango Filato, hannu ɗaya suka bi. Shi ya sa nake ganin masu sana'ar hoto sun raina matsayinsu. Idan ka dage sai an sa sunanka, ba son kai kake yi ba. Ka bar wa jama'a mutumin da za su iya tambaya: kai ka ɗauka? Yaushe? A ina?

Wannan kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu da za a ce Turawa suka kawo. Malaman hadisi ba sa karɓar magana sai da isnadi, wa ya ji daga wa. Marubutan waƙoƙinmu na ajami sukan saka sunansu a baitocin ƙarshe, su ɓoye shekarar a cikin ramzi, mai kwafar littafi da hannu ma yakan rubuta sunansa a ƙarshe bayan na mawallafi. A watan Disamban 1988, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta su ba. 'Yan uwanmu Kirista da ke nan su ma ba sa bukatar in tuna musu hukuncin ɗaukar abin wani. Abin mamaki shi ne mutumin da ba zai taɓa ɗaukar tumatir ɗaya a Farin Gada bai biya ba, shi ne zai kwashi aikin wini guda na wani ya ce ai a intanet ya gani.

Ɗalibai za su tambaye ni ƙirƙirarriyar basira, don haka bari in taɓa ta a gurguje. Yanzu mai kwasa mafi girma ba mutum ba ne, na'ura ce. Rumbun LAION-5B da aka fitar a 2022 ya tattara adireshin hotuna fiye da biliyan biyar daga shafukan duniya, aka horar da manhajojin zana hoto da su. A 2023 Getty ya kai kamfanin Stability AI ƙara, yana zargin an kwashe masa hotuna fiye da miliyan 12, har ya nuna hotunan da na'urar ta zana da burbushin tambarinsa a jiki. Mai shafi zai iya rubuta wa na'urorin kwasa irin su GPTBot da CCBot a fayil ɗin robots.txt cewa kada su shigo. Roƙo ne, mai mutunci ne yake ji. Ta ɗaya ɓangaren kuma, manyan kamfanoni sun kafa wani tsari a 2021 mai suna C2PA, wanda ke sa wa hoto hatimin asali tun daga cikin kyamara, Leica ta fara fitar da kyamara mai shi a 2023. Ku lura da inda masu kuɗin suka dosa. Su ma sun bar neman kwaɗo, sun koma neman isnadi.

Saura mu. Na san a ɗakin nan wanda aka yi wa ya kai goma, amma wanda ya yi wa wani ya fi haka. Fostar wa'azi da ta taron coci, bangon littafin soyayya mai fuskar 'yar fim da ba a tambaye ta ba, aikin ɗalibi mai hotuna ashirin babu sunan kowa, katin biki, tallan makaranta mai yaran da ba a ƙasar nan suke ba. Alhali hanyar halal a buɗe take. Tun 2002 akwai lasisin Creative Commons, inda mai hoto da kansa yake cewa a ɗauka da sharaɗi kaza. Wikimedia Commons cike yake da irinsu, akwai na Filato a ciki, kuma yawanci abin da ake nema a wurinka shi ne ka rubuta sunan mai shi da irin lasisin. In kuma hoton wani ɗan garinku ne, lambarsa tana jiki, ka kira shi. Sau da yawa zai ce ɗauka, sa sunana kawai.

Roƙona na ƙarshe ga masu injin buga bana da fosta na wannan titi ne, domin ta hannunku yawancin hotunan nan suke fita daga waya su hau bango. Idan aka kawo muku aiki da hoton da kuka ga alamar an yanke masa suna, ku tambayi mai aikin inda ya samo shi, kuma ku daina karɓar aikin goge tambarin wani ko nawa za a biya. Masu kyamara, kafin ku kwanta yau ku buɗe saitin ku rubuta sunanku. Sauran jama'a kuma, duk hoton tashin hankali da ya shigo wayarku babu sunan wanda ya ɗauka, babu rana, babu wuri, ya tsaya a wurinku, kada ku tura.